Tambayoyi da Amsoshi: Haɗarin Cututtukan Jima'i Tsakanin Maza Idan Ba a Kai ga Shigar Al'aura Ba

Mazan da suka yi mu'amalar jiki da wani namiji, ba tare da al'aurar ɗaya ta shiga duburar ɗayan ba, sukan faɗa cikin ɗayan hali biyu. Wani yakan kwana bai runtsa ba saboda fargabar ya ɗauki HIV, alhali abin da ya yi ba ya cikin hanyoyin da wannan ƙwayar cuta take bi. Wani kuma yakan saki jiki gaba ɗaya, yana ganin tunda ba a kai ga saduwa ba babu abin da zai same shi, har sai ranar da wani miki ya ɓullo masa a leɓe ko ƙuraje suka feso masa a tafin hannu. Na farkon yana tsoron abin da da wuya ya same shi, na biyun kuma ya juya wa abin da ke kusa da shi baya. An tsara amsoshin da ke biye ne domin kowane mutum ya san wace cuta ce take da hanya zuwa gare shi, wacce ce ba ta da ita, da kuma abin da ya kamata ya yi a kai.

Me ake nufi da mu'amalar da babu shigar al'aura a cikinta?

Ana nufin sumba, da runguma ba tare da tufafi ba, da shafar al'aurar juna da hannu, da goga al'aura a jikin al'aura ko a tsakanin cinyoyi, da taɓa dubura da yatsa ko da baki. Akwai likitocin da ke lissafa sanya al'aura a baki a matsayin cikakken jima'i, amma an shigo da shi cikin wannan bayani saboda mafi yawan masu tambaya ba sa ɗaukarsa haka, kuma a nan ne kuskure ya fi yawa. Waɗannan abubuwa ba nauyinsu ɗaya ba. Shafa da hannu shi ne mafi ƙarancin haɗari, gugar fata da fata ta ɗara shi, duk abin da baki ya shiga cikinsa kuma ya fi su duka.

To, ana iya kamuwa da cuta ta wannan hanya?

Ƙwarai kuwa, sai dai ya danganta da irin cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙwayoyin cuta fiye da 30 da ake iya ɗauka ta hanyar jima'i, kuma kowacce da ƙofar da take shiga. Akwai waɗanda ke cikin jini da maniyyi, irin su HIV da ciwon hanta nau'in B, waɗanda sai sun sami hanyar isa ga jini ko ga fata mai laushi ta cikin dubura ko mafitsara. Akwai waɗanda ke zama a wurare masu damshi kamar maƙogwaro da bututun fitsari da dubura, wato ciwon sanyi na gonoriya da kilamidiya. Akwai waɗanda haɗuwar fata da fata kaɗai ta ishe su, kamar tunjere, da hapis mai kawo ƙurajen ruwa a leɓe ko al'aura, da HPV mai kawo tsiron fata, da ƙyandar biri, da ƙazwa. Sai kuma waɗanda ke fitowa daga bayan gida su shiga ta baki, kamar ciwon hanta nau'in A da atini.

Barin shigar al'aura yana kusan toshe ƙofar rukunin farko, yana rage na biyu, amma na uku da na huɗu ba ruwansu da ko an shiga ko ba a shiga ba.

Ina tsoron HIV. Zan iya ɗaukarta ta hanyar sumba, ko shafa da hannu, ko gugar jiki?

Ba a ɗaukar HIV ta waɗannan hanyoyi, kuma wannan magana ce da aka tabbatar bayan fiye da shekaru 40 ana nazarin cutar tun bayyanarta a shekarar 1981. Ƙwayar cutar tana cikin jini, da maniyyi, da maziyyi, da ruwan dubura, da ruwan farji, da nonon uwa. Yawu da gumi da hawaye ba sa yaɗa ta. Fatar jiki mai lafiya kuwa katanga ce da ƙwayar ba ta iya hudawa, kuma da zarar ta fito waje ta haɗu da iska ta fara bushewa, sai ƙarfinta ya ragu da sauri. Saboda haka maniyyin da ya zuba a hannu, ko a ciki, ko a cinya, ba ya sa mutum cikin haɗarin HIV; ruwa da sabulu sun wadatar.

Mutane sukan kawo maganar ƙaramin yanka a yatsa ko fatar da ta ɗan ɗaye a gefen farce. Gaskiya ne sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma tsagewar da ake magana a kai ita ce rauni buɗaɗɗe mai zubar da jini a lokacin, wanda jini ko maniyyi mai ɗauke da ƙwayar cutar da yawa ya shiga cikinsa kai tsaye. Ƙujewar da ta kwana ta yi ɓawo ba ta kai wannan matsayi ba.

Game da sumba, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta taɓa ba da rahoton mutum ɗaya a shekarar 1997 da ake zaton ya kamu ta hanyar sumba mai zurfi, kuma a wannan lamari akwai ciwon dasashi da jini a baki. Abin da ya ɗauki cutar jini ne, ba yawu ba.

Idan al'aura ta shiga baki fa?

Haɗarin HIV a nan kaɗan ne ƙwarai, har masana sun kasa ƙayyade masa adadi tabbatacce saboda ƙarancinsa. Wanda aka sanya al'aurarsa a baki kusan ba shi da haɗari. Wanda ya karɓa a bakinsa shi ne ke da ɗan abin lura, musamman idan an zubar da maniyyi a bakin kuma yana da gyambo, ko dasashi mai jini, ko an cire masa haƙori kwanan nan, ko akwai wata cutar a maƙogwaronsa.

Akwai wani abu da ya sauya wannan lissafi baki ɗaya. Mai ɗauke da HIV da ke shan maganinsa a kai a kai, har ƙwayar cutar ta ragu a jininsa ta kai matakin da gwaji ba ya iya ganinta, ba ya yaɗa ta ta hanyar jima'i. Binciken PARTNER2 da aka yi a ƙasashen Turai, wanda aka wallafa sakamakonsa a shekarar 2019, ya bibiyi maza masu abokan zama maza, ɗaya yana ɗauke da cutar yana shan magani ɗaya kuma ba ya ɗauke da ita, aka lissafa saduwa fiye da sau 76,000 ba tare da kwaroron roba ba, ba a sami ko mutum ɗaya da ya ɗauki cutar daga abokin zamansa ba.

Sai dai duk wannan sassauci na HIV ne kaɗai. Baki hanya ce buɗaɗɗiya ga tunjere da gonoriya da hapis, kamar yadda bayani ke tafe.

Wace cuta ce ta fi cancantar a damu da ita?

A ganina tunjere ne, domin ya haɗa abubuwa uku marasa daɗi: yana da sauƙin ɗauka, yana da sauƙin ɓuya, kuma ɓarnarsa tana da girma idan an bar shi. Ƙwayar bakteriyar da ke kawo shi, wadda aka gano a shekarar 1905 a Jamus, tana shiga ne ta duk inda fata ko leɓe ko harshe ya taɓa mikin mai cutar. Mikin yana iya kasancewa a kan azzakari, ko a maraina, ko a bakin dubura, ko a leɓe, ko can cikin baki inda mai shi ma bai san da shi ba.

Ga yadda yakan zo. Kimanin mako uku bayan mu'amalar, ko da yake yana iya fitowa tun daga kwana 10 har zuwa kwana 90, sai wani ɗan miki guda ɗaya ya bayyana daidai inda ƙwayar ta shiga. Zagayayye ne, gefensa da tauri idan an taɓa, tsakiyarsa a share, kuma yawanci ba ya zafi ko ƙaiƙayi. Mutum yakan duba shi a madubi ya ce ai cizon haƙori ne, ko zik ɗin wando ne ya kama shi. Wani lokaci kaluluwa takan fito a matsematsi ko a wuya. Bayan mako uku zuwa shida sai mikin ya warke da kansa ko ba a sha komai ba, mutum ya yi ajiyar zuciya, alhali an gudu ne ba a tsira ba. Makonni ko 'yan watanni bayan haka sai ƙuraje ja ko masu duhu su fito a jiki, sau da yawa har da tafin hannu da tafin ƙafa, galibi ba sa ƙaiƙayi, tare da zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro, da zubewar gashi wuri-wuri. Su ma sukan baje da kansu. Daga nan cutar takan yi shiru na shekaru, kuma a jikin wasu takan dawo bayan shekara 10 zuwa 30 ta taɓa zuciya da jijiyoyin jini da ƙwaƙwalwa. Ido da kunne da jijiyoyin kai kuwa tana iya kama su a kowane mataki, har a farkonta.

Abin da ke sa sakaci da tunjere ya zama abin takaici shi ne sauƙin maganinsa. Idan an gano shi a shekarar farko, allurar fenisilin mai daɗewa a jiki guda ɗaya takan kawar da shi. Gwajin jini ne ke nuna shi. Haka kuma mikin tunjere yana buɗe wa HIV hanya, don haka magance shi kariya ce ta fuska biyu.

An ce ana samun ciwon sanyi a maƙogwaro. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Gonoriya tana zama a maƙogwaro, kuma mafi yawan masu ɗauke da ita a wurin ba sa jin komai, ko ciwon haɗiya babu. Tana tashi daga azzakari zuwa maƙogwaro, tana kuma tashi daga maƙogwaro zuwa azzakari ko dubura. A bututun fitsari ne take nuna kanta: cikin 'yan kwanaki, galibi biyu zuwa biyar, mutum yakan ji raɗaɗi wajen fitsari, ya ga mugunya fara ko ruwan ɗorawa tana ɓata masa ɗan kamfai.

Masu bincike a birnin Melbon na ƙasar Ostireliya sun wallafa wani nazari a shekarar 2019 wanda ya nuna cewa sumba mai haɗa harshe tana da alaƙa da samun gonoriya a maƙogwaro tsakanin maza. Har yanzu masana suna tattauna girman wannan hanya, amma an riga an tabbatar ana samun ƙwayar cutar a cikin yawun mai ɗauke da ita. Wannan ne ya sa amfani da yawu don santsi a kan al'aura ko dubura bai kuɓuta daga haɗari ba. Hannun da ya taɓa ruwan al'aura sannan ya murza ido shi ma yana iya kai cutar ido, kuma gonoriyar ido tana buƙatar a ga likita a ranar.

Kilamidiya ma tana iya kama maƙogwaro, sai dai ba ta kai gonoriya yawa a wurin ba. Ana magance ta da ƙwayoyin doksisaikilin na kwana bakwai, gonoriya kuma da allurar seftiriyakson.

Ƙurajen da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi suna da alaƙa da cutar al'aura?

Suna da ita. Ƙwayar bairus ta hapis iri biyu ce. Nau'i na ɗaya shi ne ke kawo ƙurajen ruwa a leɓe, kuma mafi yawan mutane tun suna yara suke ɗaukarsa ba ta hanyar jima'i ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mutane kusan biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da shi, yayin da nau'i na biyu, wanda ya fi zama a al'aura, yake jikin mutane kimanin miliyan 520 'yan shekara 15 zuwa 49. Idan mai ƙurji a leɓe ya sanya baki a al'aurar wani, nau'i na ɗaya yana iya komawa can ya zauna. Gugar al'aura da al'aura ma tana yaɗa shi.

Alamarsa ta bambanta da ta tunjere. Ƙananan ƙuraje ne masu ruwa, a cure wuri ɗaya, masu zafi da raɗaɗi, sukan fashe su zama gyambo sannan su bushe. Sukan fito kwana biyu zuwa goma sha biyu bayan ɗauka, ko da yake wasu sukan yi shekaru ba su ga komai ba. Lokacin da ƙurajen suke, ko lokacin da ake jin tsikari da ƙaiƙayin da ke gabatarsu, shi ne lokacin da cutar ta fi yaɗuwa, amma fata takan fitar da ƙwayar jefi-jefi ko babu ƙurji. Ba a raba jiki da ita har abada, sai dai magunguna irin su asaikulobir suna gajarta kwanakin ciwon, suna rage dawowarsa, suna kuma rage yiwuwar shafa wa wani. Ga yawancin mutane ciwo ne na fata da ke zuwa ya wuce, kuma yawan tashinsa yakan ragu da tafiyar shekaru.

Mene ne HPV, kuma ya shafi maza?

Ya shafe su. Bairus ce mai nau'o'i da yawa da ke bin fata, kuma kusan duk wanda ya taɓa mu'amalar jima'i yakan haɗu da ita a wani lokaci. A cikin mutum goma, jikin kusan tara yakan kawar da ita da kansa cikin shekara biyu. Nau'i na 6 da na 11 su ne ke kawo mafi yawan tsiron fata a al'aura da bakin dubura, tsiro mai kaushi wanda ba ya zafi, kuma yana iya fitowa a dubura ko ba a taɓa saduwa ta wurin ba. Nau'i na 16 da na 18 ba sa kawo tsiro, amma idan suka daɗe a jiki suna iya haddasa sankarar dubura, ko ta azzakari, ko ta maƙogwaro bayan shekaru masu yawa. Akwai allurar rigakafi tun shekarar 2006, ana yi wa maza kamar yadda ake yi wa mata, kuma ta fi amfani idan an yi ta kafin a haɗu da ƙwayar. A Ingila ana yi wa maza masu mu'amala da maza har zuwa shekara 45.

Wane haɗari ke cikin taɓa dubura da baki ko da yatsa?

Babban haɗarin a nan na cututtukan hanji da hanta ne. Ɗan abin da ido ba ya iya gani na bayan gida ya isa ya ɗauko ciwon hanta nau'in A, ko ƙwayar shigela mai kawo atini, ko ƙananan halittun da ke haddasa doguwar gudawa. Ba dole sai baki ya taɓa wurin kai tsaye ba. Yatsan da ya taɓa sannan ya je baki ya wadatar. Tsakanin shekarar 2016 da 2018 an sami ɓarkewar ciwon hanta nau'in A a ƙasashen Turai da dama, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu maza ne masu mu'amala da maza. Alamominsa sukan zo bayan kimanin wata guda: kasala, tashin zuciya, fitsari mai duhu, da shawara a ido. Allurar rigakafi biyu, tsakaninsu wata shida, tana ba da kariya mai ɗorewa.

Shigela kuwa cikin kwana ɗaya ko biyu take tasowa da murɗar ciki da gudawa, wani lokaci da jini, kuma an sami nau'o'inta da suka daina jin magunguna da yawa. Wanda ya yi irin wannan gudawa ya dakata da duk wata mu'amala har sai mako biyu bayan ta tsaya. Tunjere da gonoriya da hapis su ma suna bin wannan hanya.

Ƙyandar biri, da ƙazwa, da ƙwarƙwata fa?

Waɗannan kusantar jiki kawai suke buƙata. An fara ganin ƙyandar biri a jikin ɗan Adam a shekarar 1970 a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, amma daga watan Mayun 2022 ta fara bazuwa har ta kai ƙasashe fiye da 100, kuma a wancan karo ta fi yawa a tsakanin maza masu mu'amala da maza, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta ranar 23 ga Yulin shekarar. Tana bin taɓa ƙurajen, da sumba, da zanin gado ko tawul ɗin mai cutar. Takan bayyana cikin mako uku da zazzaɓi da kaluluwa da ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya, waɗanda wani lokaci ba su wuce ɗaya ko biyu ba a al'aura ko dubura ko baki. Mai ita yana iya yaɗawa har sai ɓawon ya faɗi sabuwar fata ta fito. Tana da allurar rigakafi da ake yi sau biyu, tsakaninsu kwana 28.

Ƙazwa takan ɗauki makonni kafin ƙaiƙayinta ya fara, kuma da dare ya fi tsanani, a tsakanin yatsu da wuyan hannu da al'aura. Ƙwarƙwatar gashin mara ana iya ganinta da ido. Dukansu biyu suna jin maganin shafawa, muddin an yi wa abokin mu'amala shi ma, an kuma wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi.

Ba zan iya gane mai cuta da ido ba?

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma waɗannan cututtuka ba sa bin wannan ƙa'ida. Tsabtar jiki da kyan tufafi da ƙoshin lafiya a zahiri ba sa nuna abin da ke maƙogwaro ko cikin jini, kuma mai ɗauke da cutar shi kansa sau da yawa bai sani ba, don haka ko ya ce lafiyarsa ƙalau ba lallai ƙarya yake yi ba. Duba yana da amfani ta fuska ɗaya: idan an ga miki, ko ƙurji, ko tsiro, ko wani ruwa yana fita, a dakata.

Yaushe ya kamata in yi gwaji, kuma wane iri?

Idan akwai alama, a je nan take ba tare da jiran cikar wasu kwanaki ba, domin mikin da yake ɗanye ya fi sauƙin ganewa, kuma daga ruwansa ake tabbatar da hapis ko ƙyandar biri. Idan babu alama, kowane gwaji yana da lokacin da yake fara gani. Gonoriya da kilamidiya ana gwada su bayan mako biyu. Tunjere yakan bayyana a jini cikin mako shida, amma sai an kai mako goma sha biyu ake samun cikakkiyar natsuwa. Gwajin HIV na ɗakin bincike, wanda ake ɗibar jini daga jijiya, yana gano cutar cikin kwana 45, na gaggawa da ake tsaga yatsa ko wanda mutum ke yi da kansa kuma sai an ba shi kwana 90.

Akwai wani muhimmin abu da ake yawan tsallakewa. Gwajin fitsari yana nuna abin da ke bututun fitsari ne kawai, ba ya ganin gonoriyar da ke maƙogwaro ko dubura. Waɗannan wurare sai an shafa musu ɗan tsinke mai auduga a kai, abin da bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, kuma a wasu asibitocin mutum da kansa yake yi. Mutum yana iya karɓar takardar da ta ce fitsarinsa lafiya lau alhali cutar tana zaune a maƙogwaronsa. Wanda ke da abokan mu'amala fiye da ɗaya ana ba shi shawarar gwaji duk wata uku zuwa shida, sauran kuma aƙalla sau ɗaya a shekara.

Ina buƙatar maganin gaggawa na kariya daga HIV?

Maganin da ake kira PEP ana fara shi ne cikin awa 72 bayan abin ya faru, a sha na kwana 28. An tanade shi ne don haɗari na gaske, kamar saduwa ta dubura ba tare da kwaroron roba ba. Ba a ba da shi saboda sumba, ko shafa da hannu, ko gugar jiki, ko maniyyi a kan fata, kuma ko a kan mu'amalar baki ba kasafai ake ba da shi ba. Idan akwai jini a cikin lamarin, ko mutum ba ya iya tuna iyakar abin da ya faru, ko an tilasta masa, ya garzaya asibiti a ranar domin likita ya auna.

Wanka nan take, ko kurkure baki, ko shan maganin kashe ƙwayoyin cuta yana hana kamuwa?

Wanke hannu da al'aura da sabulu yana rage cututtukan hanji, kuma yana da kyau, amma ba ya hana tunjere ko hapis ko gonoriya. An gwada kurkure baki da ruwan maganin baki kullum a wani babban bincike a Ostireliya, ba a ga ya rage gonoriyar maƙogwaro ba. Goge haƙora da buroshi gab da mu'amalar baki ko aske gashin mara da reza a lokacin suna iya barin ƙananan raunuka, don haka gara a ba da tazara. Zuba wa al'aura ko dubura sinadarai masu zafi kuwa ƙona fata yake yi, ya ƙara buɗe wa cuta hanya.

Sayen magani a sha ba tare da gwaji ba shi ne abin da na fi jan kunne a kai. Ƙwaya biyu ko uku suna iya kwantar da raɗaɗin fitsari ko su ɓatar da miki, mutum ya ɗauka ya warke, alhali an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Irin wannan shan magani yana cikin abubuwan da suka sa gonoriya ta bijire wa magunguna ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari waɗanda suka rage masu aiki a kanta ba su da yawa. Gaskiya ne a shekarar 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta amince a riƙa ba wasu maza doksisaikilin su sha cikin awa 72 bayan mu'amala don rage tunjere da kilamidiya, amma wannan tsari ne da likita ke ɗora mutum a kai tare da gwaji a kai a kai.

Me ke rage haɗarin a zahiri?

Allurar rigakafi ce kan gaba, domin ita ce kariyar da ba ta dogara da abin da mutum ya tuna ko ya manta a lokacin ba: ta ciwon hanta nau'in A da nau'in B, da ta HPV, da ta ƙyandar biri inda ake samunta. Kwaroron roba a mu'amalar baki yana kare gonoriya da kilamidiya sosai, yana kuma rage tunjere da hapis da HPV gwargwadon fatar da ya rufe, kuma ana iya tsaga shi a shimfiɗa ya zama shamaki tsakanin baki da dubura. Mai da basilin suna lalata roba, saboda haka man santsi mai ruwa ake amfani da shi. Kada a yi amfani da maniyyi ko yawun wani a matsayin man santsi, kada kuma a yi tarayya a reza ko buroshi, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa har kwana bakwai a busasshen jini. Maganin PrEP, wanda marasa HIV ke amfani da shi a matsayin rigakafi tun kafin mu'amala, yana kare HIV matuƙa ga wanda ke cikin haɗarinta, amma ba ya taɓa sauran cututtukan. Yawan abokan mu'amala kuma yana ƙara yawan damar haɗuwa da cuta, kowace irin mu'amala ake yi.

Ina jin nauyin gaya wa likita abin da ya faru. Dole ne in faɗa?

Wannan nauyi abin fahimta ne, kuma akwai wuraren da faɗin irin wannan magana yake da hatsari ga mai faɗa, don haka neman ma'aikacin lafiya mai riƙon amana da sirri hakkin mutum ne. Abin da likita yake buƙata don aikinsa ba shi da yawa: wane sashe na jiki ne ya taɓa wane, yaushe, kuma wace alama aka gani. Ba ya buƙatar sunan kowa. Ko mutum bai shirya yin cikakken bayani ba, yana iya cewa kai tsaye yana son a gwada masa jini don tunjere da HIV, a kuma ɗauki samfur daga maƙogwaro da dubura tare da fitsari.

Idan gwaji ya nuna cuta, a sanar da wanda aka yi mu'amala da shi, da mata ko duk wani abokin kwanciya idan akwai, domin su ma a duba su. In ba haka ba cutar za ta yi ta kai da kawo tsakaninsu, kuma tunjere yana iya kaiwa ga jaririn da ke ciki. A dakata da kowace irin mu'amala har kwana bakwai bayan kammala magani kuma alamomi sun gushe. Wanda aka yi wa maganin gonoriyar maƙogwaro ya koma a sake gwada shi bayan mako ɗaya zuwa biyu, saboda a wannan wuri ne ta fi wuyar fita.

Duk gwaje-gwajena sun nuna ba ni da komai, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Me zan yi?

Da farko a duba kwanan wata. Idan an yi kowane gwaji bayan cikar lokacinsa, kuma ba a sake wata mu'amala a tsakani ba, sakamakon tabbatacce ne, maimaita shi sau biyar ba zai canza shi ba. Fargaba da kanta tana kawo bushewar baki, da ciwon kai, da gudawa, da gumin dare, da jin kamar wani abu ya tokare maƙogwaro, kuma wanda ke matsa wuyansa sau ashirin a rana yana laluben kaluluwa zai sa wurin ya yi tsami. Sau da yawa abin da ke damun mutum a irin wannan hali damuwa ce game da abin da ya faru, ta sami mafaka a cikin tsoron cuta. Idan abin ya kai ga hana barci, ko cin abinci, ko zuwa aiki har na tsawon makonni, to ya zama matsalar lafiya mai zaman kanta wadda ake magancewa, kuma likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa shi ne wanda ya kamata a nufa da ita.